GIDAN ABINCIN DA YA ƘI RUFEWA A BIRNIN WASHINTON

Daga Wakilinmu

Duk baƙon da ya sauka birnin Washinton, hedkwatar ƙasar Amurka, abin da akan fara nuna masa shi ne Fadar Shugaban Ƙasa, da Majalisar Dokoki, da manyan gine-ginen tunawa da mazan jiya. Amma in ya yi sa'a ya haɗu da ɗan gari na ainihi, watau wanda aka yanke wa cibiya a can, to, da wuya ya bar shi ya tafi bai kai shi wani ɗan gidan abinci da ke Titin U ba. Sunan wurin Ben's Chili Bowl, lambarsa kuwa 1213.

Wanda ya ga ginin daga waje ba zai ce yana da wani tarihi ba. Ɗan tsukukun wuri ne, an shafe gabansa da farin fenti, an rubuta suna da ja da ruwan ɗorawa. Abincin da ake sayarwa a ciki ma ba na sarakuna ba ne, na leburori ne da direbobi da 'yan makaranta. Duk da haka shugabannin ƙasashe sun zauna a kujerunsa, kuma tun daga shekarar 1958 yake hannun iyali guda, alhali kusan dukan kantunan da suka fara ciniki tare da shi a wannan titi sun daɗe da zama labari. Yadda aka yi haka ta faru shi ne abin da za mu duba a yau.

ƊAN TRINIDAD DA 'YAR BANKI

Wanda ya kafa wurin sunansa Mahaboob Ben Ali. An haife shi a shekarar 1927 a tsibirin Trinidad, cikin wani gida na Musulmi waɗanda asalinsu mutanen Indiya ne. Mai karatu zai yi mamakin abin da ya kai Indiyawa wannan tsibiri mai nisa. Dalili shi ne, bayan da Ingila ta hana bauta a ƙasashen da take mulki, sai masu gonakin rake suka rasa ma'aikata, aka shiga kwaso 'yan ƙodago daga Indiya tun daga 1845 har zuwa 1917. Daga cikin zuriyarsu Ben Ali ya fito.

Ya shiga Amurka a 1945 da niyyar zama likitan haƙori, har ya sami shiga Jami'ar Howard da ke nan Washinton, wadda aka kafa a 1867, jami'ar da marigayi Dokta Nnamdi Azikiwe ya yi wani sashe na karatunsa a cikinta. Tun kafin ya shiga Howard kuwa ƙaddara ta gifta, ya faɗa ramin na'urar hawa bene ya ji mummunan rauni a baya. Daga baya ya bar karatun likita, ya shiga buga-buga domin neman abin kansa.

A nan Titin U akwai wani banki na baƙar fata mai suna Industrial Bank, wanda aka buɗe a 1934. Cikin masu karɓar kuɗi a kantar bankin akwai wata budurwa, Virginia Rollins, wadda ta taso daga karkarar Jihar Virginia. Ita ce Ben Ali ya nema da aure. Tun kafin a ɗaura, sai suka haɗa kai suka zuba Dala 5,000 wajen gyara wani tsohon gini wanda aka fara amfani da shi wajen 1910 a matsayin gidan silima marar magana, daga baya aka mai da shi gidan wasan sunuka. Ran 22 ga watan Agusta 1958 suka buɗe ƙofa suka fara sayar da abinci. Bayan mako bakwai, ran 10 ga Oktoba, aka yi aurensu.

TITIN DA BAƘAR FATA SUKA GINA

Kafin a fahimci darajar wurin, wajibi ne a san ko wane irin titi ne Titin U a wancan zamani. Ko da yake Washinton ita ce hedkwatar ƙasar da ke kiran kanta uwar 'yanci, an daɗe ana nuna wariyar launin fata a cikinta. Baƙin mutum yana iya share Majalisar Dokoki, amma ba ya iya zama ya sha shayi a gidajen abincin tsakiyar gari. Sai da wata dattijuwa, Mary Church Terrell, tana da shekara 86 a duniya, ta shiga wani gidan abinci tare da abokan gwagwarmayarta a 1950 aka ƙi sayar musu, suka kai ƙara. Ran 8 ga Yuni 1953 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa hana baƙar fata cin abinci a irin waɗannan wurare a birnin ya saɓa wa doka. Watau shekara biyar kacal ke nan kafin buɗe wurin Ben Ali.

Da yake an daɗe da rufe musu ƙofofin tsakiyar gari, sai baƙar fata suka gina tasu duniyar a Titin U da kewayensa. Akwai bankunansu, da likitocinsu, da lauyoyinsu, da otal-otal, da gidajen kallo irin su Howard na 1910 da Lincoln na 1922, wanda yake jikin wurin Ben Ali, lungu ɗaya ne tsakaninsu. Shahararren makaɗin nan Duke Ellington, wanda aka haifa a birnin a 1899, a wannan yanki ya girma. Manyan mawaƙa da makaɗa irin su Nat King Cole da Miles Davis da Ella Fitzgerald sukan yi wasa a titin, in an tashi cikin dare kuma a nemi inda za a sa wani abu a baka. Nan ne dabarar Ben Ali ta yi aiki, domin ya riƙa barin wurinsa a buɗe har talatainin dare, ga abinci mai zafi, ga araha.

MENE NE ABINCIN?

Abinci biyu ne suka ɗaukaka sunan wurin, kuma a haɗe ake cinsu. Na farko shi ne wanda ake kira cili. Wata miya ce mai kauri, ana yin ta da niƙaƙƙen nama da jan barkono da kayan ƙamshi, a bar ta a wuta ta daɗe tana dahuwa har ta yi duhu. Asalinta daga Jihar Teksas ne, can kan iyakar Meziko, inda mata suka yi suna wajen sayar da ita a dandalin birnin San Antonio tun ƙarni na 19. Daga can ta bazu cikin Amurka, kowane gari da irin tasa. Ben Ali kuwa mutumin Trinidad ne, ƙasar da ba a wasa da barkono, saboda haka ya ƙara wa tasa yaji fiye da yadda mutanen gari suka saba. Yadda ake haɗa ta sirri ne na iyalin, ba su taɓa bayyana shi ba.

Na biyu shi ne wanda 'yan Washinton ke kira half-smoke, abincin da suke tinƙaho da shi suna cewa nasu ne na kansu. Nama ne ake niƙawa, amma ba lilis ba, a sa masa yaji, a ɗura shi cikin fatar hanji ya yi kamar tsawon tafin hannu, sa'an nan a ƙyafe shi da hayaƙi kamar yadda ake bandar kifi. In mai saye ya zo, sai a gasa shi a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi har fatar ta soma tsagewa, a sa shi cikin dogon burodi mai ɗumi, a shafa wani yaji mai ruwan ɗorawa da ake kira mastad, a barbaɗa yankakkiyar albasa, kana a kwarara masa cili a kai. Ba abinci ba ne na mai tsoron ɓata riga.

Sunan nasa ma'anarsa rabi da hayaƙi, kuma har yau mutanen gari suna gardama a kan inda ya samo shi. Wasu sun ce domin rabinsa naman shanu ne, rabi na alade. Wasu sun ce domin ba a cika ƙyafe shi ba, rabin banda ake yi masa. Wasu kuma sun ce domin akan tsaga shi biyu a kan wuta. Ko ma dai wane ne gaskiya, akwai abin da ya kamata Musulmin da ya je can ya sani, shi ne cewa half-smoke na asali akwai naman alade a ciki. Wurin ya daɗe yana sayar da wasu nau'o'in na naman shanu da na talotalo, da kuma cilin da babu nama a cikinsa sam. Saboda haka tambaya kafin saye ita ce hanya, don matambayi ba ya ɓata.

Ba Ben Ali ne ya ƙago half-smoke ba. Mahautan birnin ne suka fara yin sa, kuma ana sayar da shi a bakin tituna da filayen wasa. Abin da shi ya yi shi ne ya haɗa shi da miyarsa, ya kuma ba shi gida tsayayye inda za a same shi dare da rana.

DAREN DA TITI YA KAMA WUTA

Shekarun farko sun zo daidai da lokacin da gwagwarmayar neman 'yancin baƙar fata ta yi zafi. Ran 28 ga Agusta 1963, sa'ad da mutane wajen 250,000 suka yi gangami a Washinton suka saurari jawabin Dokta Martin Luther King, iyalin Ali sun ba da gudummawar abinci ga mahalarta. Shi kansa Dokta King yakan leƙa wurin, domin ƙungiyarsa tana da ofis a kusa da mahaɗar Titi na 14 da Titin U.

Ran 4 ga Afrilu 1968 da yamma aka harbe Dokta King a birnin Memphis. Da labari ya iso Washinton, sai jama'a suka fara taruwa a wannan mahaɗa, wadda ba ta fi tafiyar 'yan mintoci daga wurin Ben Ali ba. Stokely Carmichael, tsohon shugaban ƙungiyar ɗalibai masu yaƙi da wariya, ya jagoranci samari suna bi kanti kanti suna roƙon a rufe domin juyayi. Kafin dare ya raba abin ya fi ƙarfin kowa, aka shiga fasa tagogi da kwasar ganima da cinna wuta. An kwana huɗu ana tarzoma. Mutum 13 suka rasa rayukansu, sama da 1,000 suka ji rauni, ɗaruruwan kantuna suka ƙone. Shugaba Lyndon Johnson ya turo sojoji fiye da 13,000, Magajin Gari Walter Washington kuma ya kafa dokar hana fita da dare.

Cikin wannan hali Ben Ali ya ɗauki sabulu ya rubuta a gilashin tagarsa kalmomin da ke nuna cewa wurin na ɗan'uwa ne, kada a taɓa. Ba a kuwa taɓa ba. Bugu da ƙari, Carmichael, wanda ofishin ƙungiyarsu ke tsallaken titi, ya nemo izini na musamman daga hukuma domin a bar wurin a buɗe bayan lokacin dokar hana fita. Abin sha'awa a nan shi ne, shi ma Carmichael haifaffen Trinidad ne, kuma tsohon ɗalibin Jami'ar Howard. Daga baya ya ƙaura zuwa ƙasar Gini, ya sauya suna zuwa Kwame Ture domin girmama Kwame Nkrumah da Sekou Toure, ya rasu a Konakiri a 1998.

To, cikin waɗannan darare ne aka ga abin da ba a saba gani ba. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana da masu gwagwarmaya, waɗanda a waje suke hararar juna, a nan ciki suna zaune a kanta guda, kowa da kwanonsa, ana shawarar yadda za a kwantar da tarzoma. Tun daga ran nan mutanen gari suka daina kallon wurin a matsayin gidan abinci kawai.

SHEKARU ASHIRIN NA WUYA

Wuta ta mutu, amma titi bai farfaɗo ba. Masu kantunan da aka ƙona da yawa ba su dawo ba. Da ma tun da aka soke dokokin wariya, baƙar fata masu hali sun fara komawa wasu unguwanni da bayan gari, tarzomar kuwa sai ta ƙara musu sauri. Gine-gine suka zama kango, masu sayar da miyagun ƙwayoyi suka mamaye unguwa cikin shekarun 1970 da na 1980. Ciniki ya faɗi ƙwarai, har ta kai ma'aikaci ɗaya tak ya rage a wurin. Sai da iyalin suka daina sayar da kek da sauran kayan zaƙi, domin sun lura su ne ke jawo mashaya ƙwaya. 'Yan sanda ma ta tagar saman ginin suka riƙa leƙen dillalan da ke titi.

A 1986 gwamnatin birni ƙarƙashin Magajin Gari Marion Barry ta buɗe wani babban ginin ofisoshi a mahaɗar da tarzoma ta fara, da nufin jawo mutane su dawo. Ana murna da wannan ke nan sai ga wata sabuwar jarrabawa. Hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta zo shimfiɗa sabuwar hanya, aka haƙe titin tun daga bakin ƙofa, ya zama wani ƙaton rami na tsawon shekaru. Mota ba ta wucewa, mai tafiya a ƙasa ma sai ya bi ta kan katako. Kantunan da suka tsira daga wuta da ƙwaya, da dama wannan rami ne ya ƙarasa su. Iyalin Ali suka ƙi rufewa, suka koma sayar wa leburorin da ke haƙar ramin. Haka aka lallaɓa har aka buɗe tashar jirgin a 1991, daura da ƙofarsu. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa. Ramin da ya kusa binne su shi ne ya zamo ƙofar da ke kawo musu masu ciniki daga kowane sashe na birni.

SHUGABANNI A KAN LAYI

Daga nan al'amura suka fara sauyawa. An gyara gidan kallo na Lincoln aka sake buɗe shi a 1994. A 2004 wata babbar cibiyar harkar abinci ta Amurka mai suna James Beard ta ba wurin lambar girmamawa, irin wadda takan ba tsofaffin gidajen abincin da al'ummarsu ke ƙauna. A 2008 aka yi bikin cikarsa shekara 50, aka kuma buɗe reshe a sabon filin wasa na birnin. An raɗa wa lungun da ke gefensa sunan Ben Ali.

Ran 10 ga Janairu 2009, saura kwana 10 a rantsar da shi a matsayin baƙar fata na farko da ya shugabanci Amurka, Barack Obama ya shigo wurin tare da Magajin Gari Adrian Fenty, ya sayi half-smoke ya zauna cikin jama'a ya ci. Mutanen birnin sun fahimci saƙon sarai. Sun daɗe suna kukan cewa shugabanni sukan zo su yi shekaru a Fada ba su san inda talakawan gari ke zaune ba. Bayan wannan rana layin masu saye ya riƙa fitowa har waje. A watan Maris 2010 Shugaban Faransa na lokacin, Nicolas Sarkozy, shi ma ya je ya ci.

Ben Ali ya ga farkon wannan ɗaukaka da idonsa, ya rasu ran 7 ga Oktoba 2009 yana da shekara 82. Tun da wuri ya yi tanadin magada, domin 'ya'yansa uku maza kowanne an sa masa Ben a tsakiyar sunansa, saboda duk wanda ya gaji wurin, sunan da ke kan allo ya zama nasa ne. Kamal da Nizam su ne suka fara karɓar ragama, sauran iyali kuma suka shigo. Uwargida Virginia ba ta yarda ta zauna gida ba. Ko a lokacin da ta cika shekara 90 a watan Disamba 2023, an san ta da zagayawa tsakanin tebura tana gaisawa da masu cin abinci.

SABUWAR BARAZANA

Sai dai kuma arzikin da ya dawo Titin U ya zo da nasa ƙalubalen. Ƙidayar jama'a ta 1970 ta nuna cewa kashi 71 cikin 100 na mazauna Washinton baƙar fata ne. A ƙidayar 2020 sun koma wajen kashi 41. Dalilan suna da yawa, amma babba daga ciki shi ne tsadar muhalli. Da unguwa ta gyaru, sai masu kuɗi suka shigo suna sayen tsofaffin gidaje, aka gina dogayen benaye, kuɗin haya da harajin gida suka hau, talakan da ya jure zamanin wuta da ƙwaya ya ga zama ya gagare shi. Saboda haka jikokin waɗanda suka riƙe wurin Ben Ali da 'yan kuɗinsu a lokacin wuya, da yawansu yanzu daga nesa suke zuwa, su tarar da 'yan yawon buɗe ido sun riga su layi.

Annobar korona ta 2020 ita ma ta girgiza wurin, domin an hana zama a ci abinci, ciniki ya ragu matuƙa. Duk da haka iyalin sun riƙa aika abinci kyauta ga ma'aikatan asibiti. A 2025 kuma tsufa ya kama ginin, aka rufe shi na ɗan lokaci domin babban gyara, aka mai da tukwane wani wuri a tsallaken titi don kada ciniki ya yanke. Abin da tarzoma da rami suka kasa, watau rufe wannan ƙofa, sai ga shi gyaran gini ya sa an yi da yardar masu ita.

Tambayar da ke bakin dattawan unguwa ita ce, shin wurin zai ci gaba da zama mahaɗar 'yan gari, ko kuwa zai koma wurin ɗaukar hoto ga baƙi? Amsar ba ta hannun iyalin Ali su kaɗai. Ta danganta da ko hukumomin birnin za su iya samar wa masu ƙaramin ƙarfi muhallin da za su iya biya a unguwar da kakanninsu suka gina. Abin da iyalin ke iyawa sun yi shi tun 1958, watau su hura wuta da safe, su ɗora tukunya, su sayar wa duk wanda ya shigo ba tare da duba launinsa ko muƙaminsa ba. Masu ƙananan sana'o'i a ko'ina suke, in sun dubi wannan labari, za su ga cewa abin da ya riƙe wurin shekara sittin da 'yan kai bai wuce abinci mai kyau, da farashin da talaka zai iya, da kuma ƙin gudu a bar maƙwabta a ranar wuya ba.